"Banza ta kori wofi": a kan wannan Kawu ya ce wai autanmu nihilist ne

Babban Yaya:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambaya gare ni, amma sai na faɗa muku mafarinta. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci mun taru a gidan Kawu kamar kullum, ana shan fura, sai hira ta biyo ta kan katin zaɓe. Kawu ya tambayi autanmu ko ya je ya karɓo nasa. Yaron nan shekara uku ke nan da gama bautar ƙasa, takardunsa na cikin leda a ƙarƙashin katifa, shi kuma yana taya abokinsa zama a rumfar cajin waya. Ko ɗago kai bai yi ba ya ce, "Kawu, a kan me zan sha rana? Banza ce za ta kori wofi." Kawu tsohon hedimasta ne. Ya ajiye ludayi ya ce, "To, an zo wurin. Kai nihilist ne." Auta ya ce a fassara masa. Kawu ya ce ya je ya tambayi digirinsa. Hajiya daga ɗaki ta jiyo hayaniya, ta aiko yarinya ta tambaya wai wane ciwo ne aka ce yaron yana da shi. Yau kwana biyar, Auta na gaishe shi, Kawu na amsawa a daƙile. Shin duk mai cewa banza ta kori wofi shi ne nihilist? Ita kanta kalmar daga ina ta fito?

Ɗan Tasha:
Ina bayan Hajiya. Ni ma wallahi na ɗauka maganin hawan jini ne. Nihilis, ɗaya da safe ɗaya da dare, bayan an ci abinci.

Uwar Biyu:
Ku ajiye Turancin tukuna. Shi Auta ai bai ma yi karin maganar daidai ba. "Ta kori" ake cewa, ba "za ta kori" ba. Sai an ga abu da ido ake faɗarta. Mutum ya saki matarsa don ba ta iya tuwo ba, ya auro wadda ko kunu sai ya yi gudaji a hannunta, maƙwabta su haɗa ido su ce banza ta kori wofi. Shi kuwa ya yanke hukunci tun ba a buga ƙuri'a ba. Wannan ba karin magana ba ce, duba ne.

Ɗan Tasha:
Uwar Biyu, wanda ya ga zaɓe huɗu da idonsa ba ya buƙatar bugun ƙasa.

Ticha Mai Ritaya:
Kalmar daga Latin take, harshen Rumawan da. Nihil a wurinsu shi ne babu, ba komai. Ita ma nihil ɗin haɗi ce: ne, wato a'a, da hilum, wato ɗan abu ƙanƙani da bai kai a kula da shi ba. Wani tsohon malamin nahawunsu mai suna Festus ya rubuta cewa ana ganin hilum shi ne ɗan abin nan da ke manne a jikin ƙwayar wake. Har yau masana tsirrai da wannan sunan suke kiran tabon da ke jikin iri. Mata masu ƙosai sun fi mu saninsa: hancin wake. Ke nan in an bi salsala, nihil na nufin ko hancin wake babu. Kuma kun daɗe kuna jin ƙanwarta ba ku sani ba. Nil ɗin da masu sharhin ƙwallo na Ingila ke faɗa, ita ce aka gutsure.

Bakano:
Ashe biyu da nema. To mu magoya bayan wata ƙungiya da ba zan ambata ba, nihilist ne mu tun shekara goma da suka wuce, duk Asabar.

Injiniya:
Bari in sa baki, tunda a ƙasar masu abin na yi shekara shida. Zamanin Tarayyar Sobiyat aka tura mu koyon narka ƙarfe saboda kamfanin nan da kuka sani, wanda har na yi furfura ina jiran ranar da za a kunna shi. A bar wannan. Su can nigilist suke cewa, don h ta Turawa g suke mayar da ita. Kuma ba yaron da ya yi sakandare a can da bai san Bazarov ba. Shi ne tauraron littafin da Ivan Turgenev ya fitar a 1862, wanda sunansa da Hausa zai zama Ubanni da 'Ya'ya.

Abin da zai ba ka dariya, Babban Yaya, a littafin ma rigimar dattijo ce da saurayi a kan abin kari. Bazarov ɗalibin likitanci ne, ya rako abokinsa hutu gidansu a ƙauye. Da safe ana shan shayi baffan abokin ya tambaya, wai shi wannan baƙon naka mene ne shi? Yaro ya ce nihilist ne. Uban ya ce ai daga Latin ne, ke nan mutumin da bai yarda da komai ba. Baffa ya gyara masa, ya ce a'a, wanda ba ya ganin girman komai dai. Yaro ya ce ba haka ba ne, mutum ne da ba ya rusuna wa kowane mai faɗa a ji, ba ya karɓar wata ƙa'ida don kawai an gada ana girmama ta, sai ya auna ta da kansa. Kun ga tun ranar farko mutum uku, fassara uku. Shi kuwa wanda ake magana a kansa yana can fadama tun asuba da yaran gidan suna kamo kwaɗi, zai feɗe su ya ga yadda cikinsu yake aiki. Daga baya har fito-na-fito da bindiga suka yi da baffan, ya harbe shi a cinya, kuma shi ne ya durƙusa ya ɗaure masa raunin. Ƙarshen Bazarov kuwa, ya yanke a yatsa wajen binciken gawar wani baƙauye da zazzaɓi mai yaɗuwa ya kashe, cutar ta shige shi, ya bi.

Abin da nake so in ce, nihilist na asali ba malalaci ba ne. Bai yarda da sarauta ba, bai yarda da waƙa da soyayya ba, amma ya yarda da wuƙarsa da madubin ƙara girma. In Auta zaune yake kawai ya ce komai banza ne, bai kai ba. Ina kwaɗinsa?

Ticha Mai Ritaya:
Injiniya ya kawo ta daidai, sai dai kada a ɗauka Turgenev ne ya ƙirƙiro kalmar. Tun 1799 wani Bajamushe, Jacobi, ya jefi ɗan'uwansa masanin falsafa Fichte da ita a wata wasiƙa, yana cewa irin tunaninsa in aka bi shi har ƙarshe babu abin da zai rage. A Rasha ma an riga an yi amfani da ita a jarida tun 1829. Turgenev dai shi ya fito da ita kasuwa.

Injiniya:
Haka ne, kuma da ta shiga kasuwa ta fi ƙarfinsa. Watanni kaɗan bayan fitar littafin, a watan Mayun 1862, gobara ta tashi a Fitasbag, babban birnin Rasha na lokacin, ta cinye babbar kasuwa. Turgenev da kansa ya ba da labari cewa wani da ya sani ya tare shi a titi yana cewa ya dubi abin da nihilist ɗinsa suke yi, suna ƙona gari. A Maris na 1881 wata ƙungiyar sirri, Narodnaya Volya, ta jefa wa Sarki Alekzanda na Biyu bam ta kashe shi, sarkin da ya 'yanta manoman da ke ɗaure a gonakin masu ƙasa a 1861. Jaridun Turai ba su tsaya bambancewa ba, duk wani ɗan Rasha mai bam nihilist ne. Daga mai feɗe kwaɗi zuwa mai kashe sarki cikin shekara goma sha tara. Ma'anar da ake yawan nufi yanzu, wato mai cewa rayuwa ba ta da wata manufa, ta ƙara ƙarfi ne daga rubuce-rubucen Nietzsche, shi ma Bajamushe, wanda ya mutu a 1900. Sai a tambayi Kawu wanne daga ciki yake nufi.

Ɗan Tasha:
Kowanne yake nufi, ku daina faɗar kalmar nan da ƙarfi kusa da shingen bincike.

Malam Na Ƙofa:
Ina jin tsoron kada a cakuɗa abu biyu. Raina duniya ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Duniya budurwar wawa, duniya rumfar kara, wa bai taso yana ji ba? Hadisi ya zo cewa da duniya ta kai darajar fiffiken sauro a wurin Allah, da bai shayar da kafiri ko kurɓin ruwa daga cikinta ba. Amma mai zuhudu yana raina duniya ne don yana hangen abin da ya fi ta. Shi kuwa wancan, wanda Larabawan yanzu ke kira adamiyya daga kalmar adam, wato rashi, ya raina nan kuma ba ya hangen can. Alƙur'ani ya ba da labarin masu cewa babu komai sai rayuwarmu ta duniya, mu mutu mu rayu, ba abin da ke halaka mu sai zamani, a Suratul Jasiya aya ta 24. Daga nan aka sami sunan Dahriyya, daga kalmar dahr, wato zamani. A Suratul Muminun aya ta 115 kuma aka tambaye mu ko muna zaton da wasa aka halicce mu. Jamaluddin al-Afgani, a raddin da ya rubuta wa Dahriyya a Indiya a 1881, ya lissafa nihilist da sunansu a cikin masu bin wannan hanya. Saboda haka da girmamawa ga Kawu, kalmar ta yi nauyi a kan yaron da daga masallaci ya fito. Ɗan siyasa ya yanke ƙauna da shi, ba Ubangiji ba.

Ɗan Zonkwa:
Malam, mu ma muna da irinta. Littafin Mai Hadishi da haka ya buɗe, banza a banza, dukan kome banza ne. Kuma a cikin Littafi Mai Tsarki yake, ana karanta shi a coci ba wanda ya tashi ya fita. Faɗar "banza" kaɗai ba ta mai da mutum komai.

Bakano:
Ni tambayata daban. Tsakanin banza da wofi wa ya fi wani lalacewa? Don in daidai suke, me ya kawo kora?

Uwar Biyu:
Wofi ta fi. Banza ko ba komai ana cin ta, ba ka ji ana cewa banza ta faɗi ba? Wofi kuwa fanko ce, ka buɗe ka ga wayam.

Bakano:
Ke nan an samu ci gaba. A gaya wa Auta ya je ya karɓi katinsa.

Jikar Inna:
Tun da Ticha ya ambaci hancin wake na kasa wucewa. Ku yi haƙuri zan yi tsawo.

Kakata ta wajen uba, Inna muke ce mata, ƙosai take yi a wani ƙauye tsakanin Maraɗi da iyaka, wajen Ɗan Isa. Ni ce mai riƙe mata fitila da asuba. Za ta surfa wake a turmi, ta zuba ruwa, hancin da ɓawon su taso sama, ta tsame su da rariya ta shanya a kan tsohon buhu. Ba ta taɓa zubar da su ba, na awaki ne. In na yi ganganci na watsar da ruwan da hanci a ciki sai na sha ranƙwashi. Ta ce abin da ka kira banza, wani abincin darensa ne.

A lokacin naira ita ce kuɗi a wajenmu. Masu motocin Jibiya da Katsina da ita suke biya, kuma tana da daraja, a farashin gwamnati har ta fi dala. Inna ba ta ajiye sefa, duk ribar da ta samu sai ta mai da ita naira, ta naɗe ta tura a gwangwanin madara. Gwangwani uku, a cikin tukunya, a ƙarƙashin gadonta na kara. Shekara goma sha ɗaya tana tarawa. Makka take so.

A watan Afrilun 1984 gwamnatin soja ta Najeriya ta canza kuɗi, ta rufe iyakoki, ta ba da ƙasa da mako biyu kowa ya kai tsoffi banki. Kafin labari ya iso mu da gaske kwanaki sun tafi. Babana ya ɗaura gwangwanayen a ciki ƙarƙashin riga, ya bi ta daji da keke cikin dare. Ya isa, ya tarar da layi ya zagaye gini ya bi titi. Kwana uku yana kwana a layin. Bai kai ga ƙofa ba wa'adi ya cika. Ya dawo da su kamar yadda ya tafi da su, sai dai keken ya karye.

Ba zan manta da yammacin nan ba. Inna ba ta yi kuka ba. Ta ce a samo mata sabon kuɗin ta gani. Wani direba ya ara mata naira ashirin sabuwa, ta zaro tata tsohuwa, ta jera su a kan faifai, ta ce in matso da fitila. Ta daɗe tana dubawa. Ba abin da aka sauya sai launi. Ta sa yatsa a kan hoton Murtala na nan, ta sa a kan na can, ta ce, "Shi na wannan, shi na wannan. Riga ɗai ya sake." Ta miƙa wa direba tasa, sannan ta ce, "Banza ta kori wofi." Ranar na fara jin karin maganar.

Da aka zazzage gwangwanayen, sai ga takardun sule biyar guda goma sha huɗu. Su kaɗai ne ba a canza wa launi ba, su kaɗai suka tsira. Naira bakwai daga tarin shekara goma sha ɗaya. Wake ta saya da su.

Daga ranar takarda ba ta ƙara kwana a ɗakinta ba. Abin da ta samu da safe, kafin magariba ya zama wake, ko man gyaɗa, ko gishiri, ko 'yar akuya. Ta ce akuya ba a canza mata launi daga birni. Sai ga shi daminar shekarar ruwa ya ƙi. Waɗanda suka san 1984 a Nijar sun sani. Awakin nan wasu suka mutu, sauran aka sayar a kuɗin da bai kai na kaza ba. Babana ya zauna a ƙofar ɗakinta ya ce, "Inna, to yanzu me ya rage?" Ta ce, "Miƙo min taɓarya."

Tsoffin kuɗin kuwa ta liƙe murfin akwatinta da wasu daga ciki da ƙullun rogo, sauran ta ba mu muna wasan kasuwa. Na sayi gidan ƙasa da Murtala biyar. Kuma har ta rasu, duk wanda ya zo da takarda da biro, ko mai ƙidaya ne, ko mai rubuta sunaye don taimako, ko mai neman ƙuri'a, tambaya ɗaya take masa: "Ku wane launi ne?" Ba ta je Makka ba. Sallar dare kuwa ban taɓa farkawa ban gan ta a kan buzu ba.

To ku gaya mini, ita mece ce?

Uwar Biyu:
Allah ya jiƙan Inna. Kin sa ni hawaye a cikin adaidaita, mutane na kallona.

Injiniya:
Allah ya gafarta mata. Amma a ma'anar Bazarov, wannan ita ce nigilist ta gaske da na taɓa jin labarinta a ƙasar Hausa. Ba ta rusuna wa hatimi ba, ba ta yarda da abu don an ce ba, sai ta jera a faifai ta haska fitila. Wake shi ne kwaɗinta.

Malam Na Ƙofa:
Haba Injiniya. Matar da ke tsayuwar dare? Wannan tawakkali ne da haƙuri. Kada ka liƙa wa baiwar Allah sunan da ba ta san shi ba tana kabarinta.

Injiniya:
Malam, ba imaninta na taɓa ba, takarda na ce.

Bakano:
Ni inda na tsaya, Inna ma ba ta yi karin maganar daidai ba, Allah ya ba ta haƙuri. Sabuwar naira ashirin ɗin ai tana sayen abu a ranar. Ta yaya ta zama banza?

Jikar Inna:
Je ka da naira ashirin kasuwa yau ka dawo ka ba ni amsa.

Ɗan Tasha:
"Ku wane launi ne?" Wallahi na samu abin da zan riƙa tarar masu zuwa da atamfa da taliya. Akwai wani a yankinmu, hula huɗu ya sauya cikin shekara takwas, fuskar nan dai ita ce. Shi na wannan, shi na wannan.

Bakano:
Naku mai sauƙi ne. Namu rijiyar burtsatse ɗaya ya ƙaddamar sau biyu, a jam'iyya biyu, fenti kawai aka sake. Kuma har yau nihil, ko hancin ruwa.

Ɗan Tasha:
Kuma ai an maimaita mana irin ta Inna a farkon 2023, muna sayen naira da naira, muna kwana a bakin na'urar cire kuɗi. Sai dai wannan karon banza ba ta samu ta kori wofi ba. Kotun ƙoli ta ce tsoho da sabo su zauna tare. Kishiyoyi.

Mai Gadin Zaure:
Jama'a a kiyaye. Ba a kama suna ba tukuna, kada a kama. Na goge saƙo biyu.

Uwar Biyu:
Har yanzu ba wanda ya amsa mini. Ana faɗarta kafin abu ya faru ko ba a faɗa? Inna sai da ta gani ta faɗa.

Ticha Mai Ritaya:
Ana cewa komai nisan jifa ƙasa zai faɗo tun dutse na sama.

Uwar Biyu:
Wannan da "zai" aka haife ta, Ticha. Kada ka yi min wayo.

Babban Yaya:
Na gode ƙwarai. Na kai wa Kawu wayar ya karanta da tabarau biyu. Ya ce Injiniya ya yi ƙoƙari amma ya manta wani abu, bai faɗi mene ne ba. Ya ce shi bai janye ba. Auta kuma ya karanta, abin da ya tsinta kawai shi ne wai a littafin saurayin ne ya harbi dattijon, na ce ya rufa mana asiri. Hajiya ta ce tunda dai ba ciwo ba ne a kawo mata kwanukan furarta.

Ɗan Zonkwa:
Jikar Inna, akwatin nan yana nan? Akwai masu tara tsoffin kuɗi, suna saye da tsada.

Jikar Inna:
Yana wurin gwaggona. Amma gara ta ci rabin murfin.

Bakano:
Wai nawa ne kwanon wake a Maraɗi yanzu? Nan ya fi ƙarfinmu.